Tseren ƙananan motoci masu batir: a kan teburin makaniki ake cin nasara

A Japan da Amurka da ƙasashen Turai, akwai magidanta masu iyali da sana'a waɗanda kan kashe ranakun hutunsu a bakin wani ɗan fili, suna tseren motocin da tsawonsu bai kai kamu ɗaya ba. Abin da idon baƙo zai ɗauka wasan yara ne yana da ƙungiya ta duniya, da dokoki, da kamfanoni, da zakaru waɗanda da shi suke ci suke sha. Tarihin wannan gasa na shekara arba'in da ɗoriya ya tabbatar da magana guda: sau da yawa mai inji mafi ƙarfi yakan koma gida hannu rabbana, wanda ya iya daidaita injinsa da batir da taya da yanayin fili ya ɗauki kambu.

Wasan da ya zama sana'a

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsakanin abu biyu. Akwai motar wasa irin wadda iyaye kan saya wa yara a kasuwa lokacin salla, wadda in ta lalace sai juji. Akwai kuma motar tsere, wadda ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mai ita ya harhaɗa ta da hannunsa, kowane ƙarfe nata ana iya kwance shi a musanya. Tana da amortisar masu mai a ciki, da difaransiyal, da sitiyari, kamar dai babbar mota, sai dai an rage kome ya koma kashi ɗaya cikin 10 ko ɗaya cikin 12. Matuƙin yakan tsaya bisa wani dandamali a gefen fili, yana riƙe da na'urar rediyo wadda ke aika wa motar umurni.

Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta farko mai aiki da rediyo a 1976, samfurin Porsche 934. A 1979 aka kafa IFMAR, ƙungiyar da ke shirya gasar duniya. Gasar farko ta motoci masu batir, ajin ɗaya cikin 12, an yi ta a Anaheim ta jihar Kalifoniya a 1982, sa'an nan a 1985 aka yi ta farko ta motocin ƙasa da tudu, ajin ɗaya cikin 10, a Del Mar cikin wannan jiha. Nahiyar Afirka ma ta karɓi baƙuncin gasar motocin kwalta a Afirka ta Kudu, a 2002 da kuma 2018 a garin Welkom, inda Bruno Coelho ɗan ƙasar Fotugal ya yi nasara.

Tsarin tseren ya bambanta da na sukuwa, inda ake sa iyaka a ce wanda ya riga isa shi ya ci. A nan lokaci ake yankewa, galibi minti 5, kuma minti 8 ga ajin ɗaya cikin 12, wanda ya fi yawan zagaye cikin lokacin shi ne gaba. Goman farko su ke shiga karon ƙarshe, a yi shi sau uku, a ƙirga wa kowa biyu mafiya kyau. Ta fuskar gudu kuwa, motocin kwalta na babban aji sukan haura kilomita 100 a sa'a a kan fili mai doguwar miƙa. Wani Ba'amurke, Nic Case, ya kai kusan kilomita 325 a sa'a a 2014 da wata mota da ya ƙera domin miƙa kaɗai, amma irin wannan mota ba ta da abin yi a filin da ke da kwana goma sha.

Ɗa a kan dandamali, uba a kan teburi

A 1987 aka yi gasar duniya ta motocin ƙasa a Romsey, kudancin Ingila. Wani saurayi ɗan Japan mai shekara 17, Masami Hirosaka, wanda ba a san shi sosai ba a wajen ƙasarsu, ya lashe ajin motoci masu ja da ƙafa huɗu da mota ƙirar Ingila, Schumacher CAT. Bayan shekara biyu, a Sidni ta Ostiraliya, ya haɗa kambun aji biyu a gasa ɗaya. Daga 1987 zuwa 2004 ya tara kambun duniya 14, akasarinsu a ƙarƙashin tutar kamfanin Yokomo.

Masu bin wannan tarihi ba su ambaton Masami su bar mahaifinsa, Masaaki Hirosaka, wanda shi ne makanikinsa. Ɗa yana bisa dandamali yana tuƙi, uba yana ƙasa da kayan aiki, yana lura da yadda motar ke zama a kwana da yadda take sauka in ta yi tsalle, yana gyara abin da ya gani kafin karo na gaba. Haka nan a Amurka sunan Mike Reedy, wanda ya rasu a 2011, ya shahara alhali ba a kan tuƙi ya yi suna ba: naɗin inji ne aikinsa, injinan da ke ɗauke da sunansa kuma sun kai matuƙa da dama ga kambun duniya. Wannan ya isa ya nuna matsayin teburin makaniki a wannan fage.

Sirrin naɗin waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu naɗin inji a Maraɗi ko Damagaram, ya ga an buɗe injin fanka ko na famfon ruwa, ya san tushen maganar. Injin motar tsere ɗan gwangwani ne mai faɗin milimita 36 da tsawon kusan milimita 50, girman da aka gada daga injin RS-540 na kamfanin Mabuchi. A tsohon samfuri, mayen ƙarfe biyu suna manne a jikin gwangwanin, a tsakiya kuma akwai sanda mai juyawa wadda aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Wuta tana shiga wayar ta hanyar ƴan gawayi biyu, waɗanda makanikai ke kira sharbo, masu goga a jikin wani zoben jan ƙarfe da ke ƙarshen sandar.

Ƙarfin inji yana rataye ne ga yawan naɗi. In naɗin ya yi yawa, wayar takan zama doguwa siririya, wuta kaɗan ke bi ta cikinta, injin ya juya a hankali, ya ci batir kaɗan, bai cika zafi ba. In aka rage naɗi, wayar takan zama gajera mai kauri, wuta ta kwarara da yawa, juyi ya ƙaru, amma cin batir da zafi su ma su ƙaru. Saboda haka ne aka raba gasa aji biyu. A ajin daidaito, shekaru da dama doka ta tsayar da naɗi 27 ga kowa, domin a ga bambancin hannu. A ajin sake, inda aka bar kowa da zaɓinsa, matuƙan shekarun 1990 sukan yi amfani da naɗi 10 zuwa 15, wani da waya ɗaya mai kauri, wani da biyu ko uku ko huɗu sirara a haɗe, gwargwadon yadda suke son motar ta tashi, da fizga ko da lallami.

Abu na biyu da ake taɓawa shi ne lokacin shigar wuta. Ana murɗa murfin bayan inji kaɗan domin wuta ta riga shiga wayar kafin ta iso gaban mayen ƙarfe, kwatankwacin abin da makaniki ke yi in ya gabatar da tartsatsin buji a injin fetur. Kowane digiri da aka ƙara yana ƙara juyi, yana kuma ƙara zafi da cin batir. A ajin daidaito na Amurka an daɗe da ƙulle shi a digiri 24.

Irin wannan inji yana son hidima kamar dokin sarki. Bayan ƴan karo kaɗan sai a kwance shi, a ɗora sandar a kan ƙaramin injin sassaƙa, a fere saman zoben ya koma sumul, a sa sabbin sharbo, a auna ƙarfin risor da ke danna su. Wanda ya yi sakaci da wannan, injinsa na tsada zai koma bayan na araha wanda aka kula da shi.

Lissafin minti biyar

Dalilin da ya hana kowa rungumar inji mafi ƙarfi yana cikin batir. A tsakiyar shekarun 1980 motar tana ɗaukar ƙwayoyin batir 6 na nikel da kadmiyom, bolt 7.2 gaba ɗaya, masu ajiyar miliamper 1,200. Lissafin a bayyane yake: minti 5 kashi ɗaya ne cikin 12 na sa'a, saboda haka in injin ya riƙa zuƙar fiye da amper 14 da ɗoriya a matsakaici, batir zai mutu kafin alƙali ya busa. An sha ganin mota ta yi fintinkau a minti huɗu na farko, ta zo zagayen ƙarshe tana jan ciki, waɗanda ta bari a baya suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Aikin makaniki na wancan zamani shi ne ya zaɓi naɗi da giya yadda batir zai ƙare daidai bakin layi, ba saura mai yawa, ba kuma gaza.

Daga nan wata sana'a ta ɓullo, ta tace batir. Da yake a jere aka haɗa ƙwayoyin, mafi rauni a cikinsu ita ke yanke wa sauran hukunci, kamar yadda ayari ba ya wuce tafiyar raƙumin da ya fi gajiya. Sai wasu kamfanoni suka riƙa sayen ƙwayoyi da yawa, musamman na Sanyo, su caja kowace su sauke ta da na'ura, su rubuta mata sakamakonta a jiki, su haɗa shida masu hali ɗaya su sayar da tsada. A ƙarshen shekarun 1990 batir na nikel da hidirid ya shigo da ajiyar miliamper 3,000, daga baya kuma, wajen ƙarshen shekarun 2000, ƙungiyoyin tsere suka amince da batir na litiyom. Na yanzu mai ƙwaya biyu yana ba da bolt 7.4, kuma mai ajiyar miliamper 5,000 zai iya jure amper 60 tsawon minti 5. Matsalar mutuwar batir ta kau, amma iyakar ba ta kau ba, ta koma wurin zafi da riƙon taya.

Haƙoran giya

Motar tsere mai batir giya ɗaya gare ta, ba a canza ta a cikin gudu. Don haka zaɓenta kafin tashi babban hukunci ne. A bakin sandar inji akwai ƙaramin faifai mai haƙora, pinyo, wanda ke juya babban faifai, shi kuma ya miƙa wa akwatin giya. Ga misali: babban faifai mai haƙora 84 da pinyo mai 21, in aka raba za a sami 4. In rabon cikin akwatin giya 2.6 ne, sai a ninka a sami 10.4, watau inji zai juya sau 10.4 kafin taya ta juya sau ɗaya. In aka sa pinyo mai haƙora 24, lissafin ya sauka zuwa 9.1.

Direban babbar mota da ya saba hawa tudu da kaya ya san ma'anar wannan. Ƙaramin pinyo kamar giya ta ƙasa ce: tashi da ƙarfi, inji cikin sauƙi, amma gudun miƙa ya ragu. Babban pinyo kamar giya ta sama ce: gudu a miƙa, nauyi wajen fita daga kwana, inji yana nishi yana zafi. Fili mai kwana da yawa yana son na farko, mai doguwar miƙa yana son na biyu. Ƙwararru haƙori ɗaya ɗaya suke ƙarawa, su gwada, su auna. Ko girman taya yana shiga lissafi, domin tayar soso da ake sa wa ajin ɗaya cikin 12 tana cinyewa, in ta ƙanƙance tafiyar kowane juyi ta ragu, dole a ƙara pinyo a mayar da gurbi.

Inji marar sharbo da matsalar zafi

A farkon shekarun 2000 injin da ba shi da sharbo ya fara shiga filayen tsere, cikin ƴan shekaru kuma ya mamaye su. An juya tsarin ne: wayar ta koma jikin gwangwani ta tsaya cik, mayen ƙarfe ya koma tsakiya yana juyawa, wani ɗan akwatin lantarki kuma yana raba wuta ga rukunin waya uku bi da bi, yana samun labarin inda sandar take daga ƴan na'urorin ji da ke bayan inji. Babu goga, babu fere zobe, asarar wuta ta ragu. Lambobin naɗi suka zama 21.5 da 17.5 da 13.5 a ajin daidaito, na ajin sake kuma sukan sauka har 4.5 ko kusa da haka a motocin kwalta. Ana kuma rubuta yawan juyin da inji ke yi a minti a kan kowane bolt: mai 3,000, in an ba shi bolt 7.4, zai kai juyi 22,200 a minti in ba kaya a kansa.

Da yake akwatin lantarkin na iya gabatar da lokacin wuta da kansa a cikin gudu, sai ya zama mai akwati mafi wayo yana cin ajin daidaito. Ƙungiyoyi suka hana wannan a ajin, suka wajabta wani yanayi da fitilar akwatin ke ƙyafta ido domin alƙali ya shaida ba a ƙara kome ba. A ajin sake an bar shi a buɗe.

Mayen ƙarfen da ke tsakiyar wannan inji na neyodimiyom ne, irin da aka gano a farkon shekarun 1980. Ƙarfinsa babba ne, amma ba ya jure zafi: in ya wuce iyaka ƙarfin ya ragu, ba ya dawowa ko an bar shi ya huce. Saboda haka da zarar mota ta sauka daga fili, abu na farko da makaniki ke yi shi ne ya haska wa gwangwanin ma'aunin zafi. Akasarin matuƙa ba su son ya wuce digiri 70 zuwa 80. In ya wuce, a rage pinyo, ko a rage lokacin wuta, ko a duba ko wani abu yana riƙe ƙafa. Zafin gari ma yana da nasa kaso. Giyar da ta yi daidai a zauren tsere na Turai mai digiri 20 za ta iya ƙona inji a Tawa cikin watan Afrilu, inda inuwa kanta ke haura digiri 40.

Taya ita ce alƙali

Duk ƙarfin da inji ya tara, ta wuri huɗu kaɗai yake isa ƙasa, kowanne bai fi kan yatsa ba. Shi ya sa masana wannan fage suke sa taya a gaban kome. Filin ƙasa yana son taya mai ƙurajen roba masu nutsa cikin turɓaya, kwalta tana son mai sulɓi, kafet kuma yana da nasa. Robar tana da mai taushi da mai tauri, gwargwadon zafin fili. Tasirinta ya kai a manyan gasa ana tilasta wa kowa taya iri ɗaya, a ƙayyade yawan da zai yi amfani da shi, domin kada mai kuɗi ya sayi kambu.

Bayan taya sai yadda take zama a ƙasa. Ana karkata kan tayoyi zuwa ciki da digiri 1 ko 2, domin in motar ta jingina a kwana tayar waje ta kwanta sosai. Tayoyin baya ana sa bakinsu ya dubi juna da kusan digiri 3, abin da ke hana bayan mota wutsil-wutsil in an taka wuta, ko da yake yana ɗan rage gudun miƙa. Tsakanin cikin motar kwalta da ƙasa kusan milimita 5 ne, ta ƙasa da tudu kuwa takan kai wajen 20. Rabin milimita a nan yana canza halin mota.

Aikin risor da man amortisar shi ne sarrafa kaiwa da komowar nauyi. In an taka birki nauyi ya tafi gaba, in an taka wuta ya koma baya, a kwana ya faɗa gefen waje. Risor shi ke cewa nawa motar za ta jingina, kaurin mai kuma shi ke cewa da wane sauri. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, ɓangaren da aka tausasa yakan sami ƙarin riƙo. In mota tana ƙin shiga kwana, tana tura hanci waje, a tausasa gaba. In bayanta ke zamewa, a tausasa baya. Fili mai gargada yana son mai marar kauri, mai santsi da riƙo yana son mai kauri. Man ma yakan tsinke da zafin rana ya yi kauri da sanyin safiya, saboda haka saitin hantsi ba lalle ya yi aiki da azahar ba.

Difaransiyal shi ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyi a kwana. Cecil Schumacher, injiniya ɗan Ingila da ya yi aiki a kamfanin Cosworth mai ƙera injinan tsere, ya fito da samfuri mai ƙwallayen ƙarfe a wajajen 1980, wanda ake ɗaurewa ko sassautawa da noti guda. A yau da yawa sun koma ga mai haƙora da ake cika wa mai, kaurin man ya tsaya a madadin notin.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Shekaru da dama injin motocin ƙasa masu ja da baya yana rataye ne a bayan tayoyin baya, domin nauyinsa ya danna su a kan turɓaya mai santsi. Da filaye suka koma yumɓu mai tauri da kafet da ciyawar roba, riƙo ya yawaita, sai aka matso da inji tsakiyar mota a shekarun 2010. A 2015 aka yi gasar duniya ta motocin ƙasa a kan ciyawar roba, a filin Yatabe na Japan, abin da magabatan wannan wasa ba su taɓa zato ba.

Abu ɗaya a lokaci ɗaya

Wuraren taɓawa a jikin motar sun haura ashirin, kuma kowanne yana shafar ɗan'uwansa. A nan ne sabon shiga kan ɓata. Mota ta ƙi shi, sai ya canza risor da mai da taya da pinyo gaba ɗaya, in ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba. Ƙwararru suna da takarda mai zanen mota wadda suke cike kowane awo a ciki, da zafin fili da lokacin gwaji. Su canza abu ɗaya, su yi zagaye, su duba agogo, su rubuta. Kamfanoni sukan buga takardun zakarunsu domin masu saye su sami mafari, amma takardar wani fili ba ta zama hukunci a wani.

Agogon kuwa ba ya son kai. Kowace mota tana ɗauke da ƴar na'ura wadda ke sanar da kwamfuta duk lokacin da ta tsallake layi, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Lissafinsa yakan kunyata masu son ƙarfi. A ce zagaye yana cin daƙiƙa 15, watau zagaye 20 a minti 5. Injin da ya rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowane zagaye ya samo daƙiƙa 2 ke nan a dukan tseren. In ƙarfin nan ya sa motar ta kife sau ɗaya, kafin mai tsaron kwana ya rugo ya tashe ta ribar ta tafi har da uwar kuɗi. Shi ya sa ake ganin zakara, a fili mai santsi, ya cire inji mai zafi ya sa mai sauƙi, ko ya rage fizgar tashi a akwatin lantarki. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin lura ga mai saye da mai sayarwa

Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Sin sayen kaya, da ma'aikacin da ke son ya kawo wa ɗansa tsaraba, suna da abin ɗauka a nan. Na farko, motar da ba a samun kayan gyaranta, ranar da hannun taya ya karye ranar ta mutu. Wanda zai shigo da ita ya haɗo da tayoyi, da pinyo masu haƙora dabam dabam, da hannuwan taya, da man amortisar. Araha ba ta ado. Na biyu, lambar gudu da aka rubuta a kwali ba ta cewa kome game da ƙarko: ga mai koyo, inji mai naɗi 17.5 ko 21.5 ya fi dacewa da hannunsa, ya fi kuma jure zafi da ƙura.

Na uku, kuma mafi nauyi, batir na litiyom ba abin wasa ba ne. Kowace ƙwaya ba a caja ta fiye da bolt 4.2, ba a kuma sauke ta ƙasa da bolt 3, in za a ajiye ta kwanaki a bar ta wajen 3.8. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A filayen tsere doka ta wajabta caja shi cikin jaka marar cin wuta, alƙalai kuma suna auna shi kafin tashi, wanda ya haura bolt 8.4 ba ya shiga. Ba a barinsa cikin mota a rana, ba a kuma caja shi a tafi barci. Kamfanonin jiragen sama ma ba su yarda a sa batir na litiyom da ba ya jikin na'ura cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi, sai a jakar hannu.

Ilimin kansa ya wuce filin wasa. Inji marar sharbo da akwatin lantarki da batir na litiyom su ne a cikin babura masu caji, da famfunan ruwa masu aiki da hasken rana da yawa, da kayan aikin hannu marasa waya. Yaron gareji da ya koyi auna zafin inji kafin ya ƙara masa kaya, ya kuma saba rubuta abin da ya canza, zai tarar da aikin nan yana jiransa a kan manyan injina. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da matuƙi zai nuna cikin minti 5 a gaban jama'a, tun daren jiya aka gama shi a kan teburi, da ma'auni da alƙalami.